Wanda Zai Wanke Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma, ko yana gindin bishiyar ƙofar gidansu ko yana bayan teku. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ne daga Gwanzo ta ƙasar Sin, a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da mu masu jin Hausa a garin falo ɗaya kan ɗauke mu. Ciwon ƙirji ya kama shi da hantsi a ofishin masu aika kaya ta jirgi da ke Baiyun, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Na rubuta wannan ne don na ga waɗanda suka san shi suna ƙarewa, waɗanda suka rage kuma abin da suke tunawa da shi bai yi mini daɗi ba.

An yi zaman makoki a gidan Hajiya mai tuwo, wata 'yar Kumasi da take dafa mana abinci a hawa na shida. Na zauna kusa da ƙofa ina amsa gaisuwa. Wallahi ban taɓa jin ta'aziyya mai ƙaiƙayi irin ta ranar ba. Wani Bakano mai harkar agoguna ya shafa addu'a ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai zurfin ciki." Yadda ya ja kalmar zurfin nan, da ma zaginsa ya yi kai tsaye. Wani mutumin Maraɗi ya matso ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini haƙuri, sannan ya rage murya ya ce, "To yanzu masana'antar nan ta Panyu, kai za ka ci gaba da ita?" Na ce wace masana'anta? Ya yi murmushi ya ce, "Haba dai. Ai mun zama ɗaya." Hajiya kaɗai na ga tana kuka da gaske, ita ma a kicin take yi.

Sai na yi wa wanda bai san harkarmu ba bayani. A Gwanzo za ka ci tuwo kwano ɗaya da mutum, ku bi liman ɗaya, amma ba za ka taɓa gaya masa inda ake saƙa maka kaya ba. In za ka masana'antarka sai ka shiga motar da ba ta zuwa can, ka sauka a hanya, ka waiwaya, sannan ka sake wata. Samfurinka kuwa, wato ƙyallen da ka kawo a yi maka irinsa, ko ɗan'uwanka ba ka bar masa. Saboda haka duk wanda aka ga yana ɓacewa shi kaɗai, an san abin da za a ce. Kawu kuwa kowace Lahadi ɓacewa yake yi. Ya yi sallar asuba, ya sa tsohuwar riga, ya fita, sai magariba. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, shi ya kawo ni ƙasar, in na tambaya sai ya ce, "Na je shan iska." Wace iska ake sha tun asuba har magariba?

Ana cikin haka Malam, wanda yake ja mana salla, ya ce an yi magana da gida, mahaifiyata da 'ya'yan mamaci sun yarda a binne shi a maƙabartar Musulmin Sin, da zarar takardun asibiti sun fito. Ya ce, "Saura wanka. Wa zai shiga?" Duk muka juya muka dubi Baba na Zango.

Baba na Zango shi ne aminin Kawu tun ba a haife ni ba. Dogo ne, baƙi, haifaffen zangon Kumasi, mai aika shadda da atamfa Gana. Yana zaune a kujera mai hannu, carbi a hannunsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ku nemi wani."

Malam ya ce, "Alhaji, ai kowa ya san..."

"Na ce ku nemi wani. Zan bi salla, haƙƙin Musulmi ne. Amma hannuna ba zai taɓa shi ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Domin wasiyya ɗaya tak Kawu ya bar mini, ba ta gida ba, ba ta kaya ba. Ya sha gaya mini, ko muna raha ko muna faɗa, "In na mutu kada ka bari kowa ya wanke ni sai mutumin nan." Har bayan sun ɓata bai canza ba.

Asalin abin a gonar koko yake. Kawu ya bar ƙauyenmu yana saurayi, ya bi 'yan ci-rani zuwa kurmin Gana ƙodago. A can ya haɗu da Baba, shi kuma maraya ne ya baro zango. Tabarma ɗaya, tukunya ɗaya, in ɗaya ya kwanta zazzaɓi ɗayan ya yi aikin mutum biyu don kada mai gona ya sallame shi. Kawu ya ce lebura a gonar wani ba ya da kowa. Yau kana nan, an gama girbi ka ɗaure tsummanka ka nufi wata, ba wanda zai tambayi inda ka yi. Su biyun ne kawai ake mamaki, kullum tare. Wata shekara wani Bazabarme da suke aiki da shi ya mutu a bukka. Mai gona ya sa aka naɗe shi a buhunan koko aka tura a rami a bakin daji, ba wanka, ba salla, su kuma a lokacin ba su iya ba, kuma suna tsoron a kore su. Da suka koma bakin aiki Kawu ya ce wa Baba, "Duk wanda ya riga tafiya a cikinmu, ɗayan ne zai wanke shi." Suka yi rantsuwa. Da aka gama girbi suka je wurin wani malami a gari, musamman don su koyi wankan gawa.

Suna kuma da mafarkinsu. Wai in sun tara abin da suka tara za su koma fadamar ƙauyenmu su yi garka: albasa, tumatir, kuɓewa, rijiya da jigo, ba mai gona a kansu, ba mai kiransu da "kai, zo nan". Kawu in yana ba da labarin nan idonsa har ƙyalli yake yi. Garkar ba ta yiwu ba. Aka kori baƙi daga Gana, Kawu ya dawo Kano ya kama talla a kasuwar Kwari, Baba ya zauna tunda ɗan ƙasa ne, kowa ya yi aure ya yi 'ya'ya. Sai da furfura ta fito kasuwa ta sake haɗa su a ƙasar Sin.

Kawu bai taɓa zama ɗan birni ba, duk da shekarunsa a Kano. In muka je kasuwar kayan lantarki ta Tianhe, kowa na kallon rediyo, shi yana tsaye gaban tukunyar fulawar bakin ƙofa yana murza ƙasar da yatsa yana shinshinawa. In wani ya zo yana cika baki da sabuwar harka, sai ya ce, "Bari dai damina ta sauka mu gani." Sinancinsa kalma uku ne: lawban, wato maigida, meyo, wato babu, da shiye-shiye, wato na gode. Da su yake ciniki, kuma ba a cutarsa. Yana da saurin fushi a kan abinci. Ya taɓa hana ni magana yini guda don na zubar da sauran shinkafa, ya ce ban san bayan da ya sunkuya a kanta ba. Amma duk baƙon da ya sauka a filin jirgi bai san kowa ba, ɗakinmu ake kawo shi, Kawu ya bar masa katifa ya kwanta a darduma. Mutumin Maraɗin nan mai tambayar masana'anta, wata guda ya yi a katifar.

Ɓatawarsu da Baba hawa biyu ce. Ta farko a gaban idona aka yi, a falon Hajiya. Ana hira, Kawu ya ɗauko labarin gonar koko, yana dariya yana cewa, "Ka tuna ranar da kiyashi suka shige maka wando kana saman bishiya?" Baba a lokacin ya zama babban Alhaji, ga yaransa na zango zaune suna sauraro. Sai ya haɗe rai ya ce, "Kai dai ka yi ƙodago. Ni sayen koko na je yi. Ban taɓa riƙe adda ko fartanya ba." Kawu ya dube shi, ya dube shi, ya ce, "To." Ya wanke hannu ya tashi, tuwon ko rabi bai ci ba. Daga ranar ban sake jin ya ambaci garka ba, kuma ba a daɗe ba ya fara ɓacewar Lahadi.

Ta biyu ita ce ta samfur. Baba ya sa an zana masa wani adon shadda a Kumasi, abin da yake ganin zai kama kasuwa da shi. Zai tafi birnin Hankon sabunta biza, sai ya bar ƙyallen a ɗakinmu, duk da sanyin da ke tsakaninsu, don har lokacin Kawu ne kaɗai ya yarda da shi. Ba a yi wata uku ba sai ga adon nan a rataye a shagon wani Basine, kowa na saye. Baba ya sa wani ya bi Kawu ranar Lahadi. Mutumin ya dawo ya ce ya gan shi ya sauka a Panyu, daidai ƙofar wata masaƙa mai shuɗin ƙyaure, ya shige lungun da ke gefenta. Shi ke nan, magana ta ƙare. Baba ya zo ɗakinmu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Nawa suka ba ka?" Kawu yana zaune yana yanke farce, ya ce, "In haka ka gani, haka ne." Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya, abin da ya ƙara ba kowa tabbaci ke nan. Ni ma, gaskiya, na kwana da abin a raina, don ɗakin mu biyu ne, kuma na san ba ni na ɗauka ba.

Takardun asibiti suka ja mana kwanaki, sai na samu sarari. Na je wurin mutumin da ya bi Kawu na ce ya kwatanta mini motar. Ya ce, "Ashe dai kai ma kana son ka san lawban ɗin." Na ce e, ina so.

Na sauka gaban shuɗin ƙyauren da hantsi, zafi kamar a tukunya, ƙarar injuna na fitowa ta taga. Na shiga lungun. Na ɗauka zan tarar da ƙaramar ƙofa ta baya. Babu ƙofa. Lungun ya bi jikin katanga ya yi ta tafiya, ya wuce bola, ya tsallake wata kwata a kan katako, sai ga ni a bakin fili. Gonakin ganye ne shimfiɗe a bayan masana'antu, kore shar, da 'yan bukkoki na gora da leda. Mutane sun sunkuya suna aiki, wasu na ɗauke da garewani biyu a sanda suna ban ruwa. Daga baya na gane su ma baƙi ne, daga lardunan nesa suke zuwa su yi wa masu filin ƙodago, ko yaren garin ba sa ji sosai.

Wani tsoho mai malafa, siriri kamar kara, ya hango ni. Ya ajiye garewaninsa ya taho yana washe baki, yana leƙen bayana. Ya ce, "Lawban?" Kawu yake tambaya. Na ce, "Meyo." Ya gyaɗa kai, ya ɗauka yau ne dai bai zo ba. Ban san yadda ake cewa mutuwa da Sinanci ba. Na nuna ƙirjina, na rufe ido, na kwantar da kai a tafin hannu, na nuna sama. Murmushin ya daɗe a fuskarsa kafin ya gushe. Ya cire malafar, ya tsuguna a kan kunya. Ba wanda ya zo kusa da shi cikin sauran leburorin, kowa ya ci gaba da aikinsa.

Da ya tashi ya kama hannun rigata ya ja ni ƙarshen filin, jikin katangar masaƙar. Wani ɗan tsiri ne da bai fi tabarma huɗu ba. Kuɓewa, yakuwa, da 'yan karan gero da suka yi tsawo suka ƙi fitar da kai. Ni da na baro gida shekara da shekaru, na ga yakuwa da jan karanta a ƙasar Sin, sai na sunkuya na shafa ganyenta. Ya kai ni bukkarsa. Gado ɗaya ne na katako, tukunya ɗaya, hoton wata mata da yara a jikin gora. A kusurwa ga butar Kawu, ga kwali a shimfiɗe yana kallon alƙibla. Tsohon ya nuna kansa, ya nuna kwalin, ya haɗa yatsu biyu, ya yi alamar cin abinci. Da me suke hira, mutum mai kalma uku da mutumin da bai san ko sannu ba? Allah kaɗai Ya sani.

Sai ya zaro wasu abubuwa daga ƙarƙashin gadon. Fartanyar Sinawa doguwar ƙota gare ta, a tsaye ake noma da ita. Waɗannan an yanke musu ƙota an mai da su irin tamu ta sunkuyo. Guda biyu ne. Ɗaya ta sha aiki, ƙotar ta yi sulɓi. Ɗayar sabuwa fil, bakinta ko ƙasa bai taɓa ba, kuma ƙotarta ta fi ta farkon tsawo. Tsohon ya ɗaga ta, ya miƙa hannu sama yana kwatanta dogon mutum, ya nuna hanyar lungun, ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Na ba shi ta Kawu, na ce shiye-shiye, na naɗe sabuwar a jarida na shiga mota da ita, mutane na kallona.

Kai tsaye na wuce masaukin Baba. Na tarar da shi yana duba kwalaye da yaransa, na ce, "Baba, ina son ganinka kai kaɗai." Suka fita. Na gaya masa duk abin da na gani, na kwance jaridar na ajiye fartanyar a kan tebur. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Can ya ɗauka, ya juya ta, ya miƙe, ya ɗan sunkuya da ita kamar mai gwada takalmi. Ta zauna masa daidai. Ya yi sauri ya ajiye.

Ya ce, "Gonar a jikin katangar masaƙar take, ko?"

Na ce, "E, Baba."

"To mutum ba zai iya noma a baya ya sayar da samfur a gaba ba?"

Har yau ban san wanda ya fitar da adon ba. Mai yiwuwa masaƙar da Baba ya kai wa aikin ce ta sayar da adon, ana yin haka. Mai yiwuwa wani baƙon da ya kwana a katifarmu ne. Ban gani ba, ba zan rantse ba.

Ya ce, "Kuma in garka zai yi, ni ina raye, ina gari ɗaya da shi, sai ya je ya yi da wani arnen da bai san sunansa ba? Ya kasa buɗe baki ya ce mini zo mu je?"

Nan ne raina ya ɓaci, na manta da girmansa. Na ce, "Baba, da wane bakin zai kira ka? Kai ne ka ce a gaban mutane ba ka taɓa riƙe fartanya ba."

Na ɗauka zai mare ni. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Fita, ɗan nan." Na fita na bar masa fartanyar. A matakala na yi ta cizon yatsa, na ce shi ke nan, na ƙarasa lalata abin da Kawu ya bar mini.

Ranar da aka ba mu gawa muka kai ta ɗakin wanka na masallacin Sinawa, wani ɗan ɗaki mai tayil da gadon siminti. Jama'a na tsaye a tsakar gida, ana ta ƙus-ƙus. Na duba, babu Baba. Malam ya ce, "Ɗana, lokaci na tafiya, Allah Ya ga niyyarka. Ni zan wanke, kai ka zuba ruwa." Na ce a ɗan ƙara jira. Aka jira. Ladanin Sinawa ya leƙo ya nuna agogo. Malam ya naɗe hannun riga, ni kuma na ɗauki moɗa, ina ba Kawu haƙuri a zuciyata.

Sai aka turo ƙofa. Baba ne, ba babbar riga, ba hula mai aiki, daga shi sai 'yar shara. Ya ce wa Malam, "Matsa." Malam ya matsa, ya fita ya ja ƙofar. Baba ya tsaya a kan Kawu, ya yaye mayafin daga fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni.

"Kada ka ɗauka na janye maganata. Ban yarda da shi ba har yanzu. In mun haɗu a can zai amsa mini."

Na ce, "To, Baba."

Ya naɗe ƙyalle a hannunsa, ya yi bisimilla, ya tsoma yatsu a bokitin. Sai ya ɗago a fusace.

"Wa ya haɗa ruwan nan? Kashe shi za ku yi? Mutumin nan ba ya son ruwan sanyi, ko a kurmi sai na ɗumama masa yake wanka. Je ka surka."

Na ɗauki bokitin na fita neman ruwan zafi, ina kuka a gaban duk waɗanda ke tsakar gidan, ban damu da wanda ya gani ba.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa makwancinsa a ƙasar da ba tasa ba. Abin da ke tsakaninsa da amininsa Kai Ka san gaskiyarsa, Ka sasanta su da rahamarKa.